Shirun da Ya Fi Kuka Muni



Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san cewa idan wani abu ya sami jariri a cikin labari, ba a wahalar neman mai laifi. Kafin a juya shafi biyu an ga kishiya ta lulluɓe fuska ta nufi wurin boka, ko uwar riƙo ta barbaɗa wani ƙulli a cikin kunu. Mai karatu ya yi Allah wadai, a ƙarshe asiri ya tonu, muguwa ta haukace ko ta yi hatsari, kowa ya ajiye littafi zuciyarsa wasai. To ni yau ina so mu tattauna a kan wata cutarwa da ba ta buƙatar boka ko sammu, wadda sau da yawa hannun masoyi ne ke aikata ta, kuma ba ta cin lokacin da ya wuce na shan ludayi biyu na koko. Ina nufin girgiza jariri da ƙarfi saboda ya ƙi daina kuka.

Harshenmu ma ya taimaka wajen ɓoye matsalar. Idan yaro yana rigima sai ka ji an ce "jijjiga shi mana ya yi barci." Wannan jijjigar ta lallashi ce, a hankali, kansa yana kwance a kafaɗa ko a gadon baya, kuma da ita aka rene mu duka. Amma akwai wata jijjigar, wadda mai rai ɓace ke yi: a riƙe yaro ta ƙarƙashin hammata, a ɗaga shi, a fizge shi gaba da baya har kansa ya riƙa lilo. Kalma ɗaya ce, amma tsakaninsu akwai nisan da ke tsakanin rai da kabari.

Ni 'yar ƙasar Tsanyawa ce. Wanda bai san mu ba, idan ya taso daga Kano ya bi hanyar Katsina, ya wuce Dawanau, ya wuce Bichi, to mu zai tarar kafin ya shiga ƙasar Katsina. Ƙasa ce ta noma, gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, daga Dumbulum zuwa 'Yankamaye, daga Gurun zuwa Kabagiwa. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne rayuwarmu. Idan kaka ta yi, babu macen da ke da hannun banza: ga sussuka, ga shiƙa, ga surfe, ga ɓarar gyaɗa, ga abincin 'yan aiki da za a kai gona kafin rana ta take. A irin wannan lokaci jariri yana hannun 'yar raino, kuma 'yar rainon nan yawanci yarinya ce da ita kanta ba ta wuce a rene ta ba. Ina da shekara bakwai aka fara ɗaura mini goyo, zanin yana zagaye ni sau biyu. An koya mini yadda ake tallafe kai, an gargaɗe ni kada in matsa kusa da rijiya ko murhu, an ce kada in taɓa maɗiga. Amma ban taɓa jin wata babba ta ce da ni, ko da wata tsarata, kada mu girgiza yaro ba. Su ma ba a faɗa musu ba.

Akwai wani gida a unguwarmu da ba zan ambaci sunansa ba. Wata kaka, matar gidan tana da jariri ɗan wata biyu, kyakkyawa, mai yawan kuka. Ƙanwar mijinta, yarinya 'yar kimanin shekara tara, ita ke riƙe shi. Ranar nan mata suna bakin sussuka a bayan gida, yaron ya tashi da kuka tun bayan azahar. Yarinyar ta goya shi, ta sauke, ta kai shi ya sha nono, ta dawo da shi, bai fasa ba. Daga can wata ta ɗaga murya ta ce, "Ke wai ba za ki yi masa shiru ba ne? Ko sai na zo na same ki?" Jim kaɗan sai gidan ya yi tsit. Da matan suka shigo suka tarar da shi kwance a tabarma, ido a lumshe, har ana yaba wa yarinyar cewa ta iya raino.

Da magariba aka ba shi nono ya ƙi kamawa. Da dare ya yi ta amai, jikinsa ya saki, can kuma ya fara taune-taune. Wata tsohuwa ta ce iska ce, wata ta ce bakin mutane ne don yaron ya cika kyau. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafa abin da aka shafa. Sai a kwana na biyu aka ɗauke shi zuwa asibiti, daga nan aka tura su Kano. Da suka dawo, abin da uban ya iya maimaita mana shi ne likitoci sun ce jini ya taru a kansa, kuma sun yi ta tambaya ko ya faɗi. Kowa ya rantse bai faɗi ba, kuma gaskiya suka faɗa. Yaron ya rayu, amma bai ƙara gani ba, bai zauna ba, bai taɓa kiran sunan uwarsa ba. Zargi kuwa ya faɗa kan abokiyar zamanta, har aure ya mutu a kan haka. Sai bayan shekaru, yarinyar nan ta zama matar aure da nata goyon, ta ji wata ma'aikaciyar jinya tana bayani a wurin awo, ta dawo gida ta same ni tana rawar jiki. Ta ce, "Yaya, ni fa na jijjiga shi ranar nan. Wallahi ban dake shi ba, tsoron duka nake ji, so nake ya yi shiru." Allah Sarki. Har yau ban ga laifin yarinya 'yar shekara tara ba. Kuma ni ba likita ba ce da zan yanke cewa lallai wannan ne sanadi. Amma daga ranar na shiga neman sanin abin nan, ina tambayar masu aikin lafiya, ina karanta abin da na samu.

Ga abin da na fahimta. Kan jariri babba ne idan aka gwada da jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyansa kuma bai yi ƙwarin riƙe shi ba. Ƙwaƙwalwarsa tana da taushi ƙwarai. Ki ɗauki misalin kindirmo a cikin kwano: idan kin ɗauke shi a hankali, ko tafiya kike yi, yana nan a kame, idan kika kaɗa kwanon da ƙarfi, nan take zai farfashe. Idan aka fizgi yaro gaba da baya, ƙwaƙwalwar tana zamewa a cikin ƙoƙon kai, siraran jijiyoyin jini da suka haɗa ta da rufinta su tsinke, jini ya kwanta a ƙarƙashin rufin. Jini kan fito a can bayan ido. Wurin da kai ya haɗu da wuya, inda ake sarrafa numfashi, yakan ji rauni, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta rasa iska ta kumbura. Wani lokaci har haƙarƙari kan tsage saboda matsar hannu. Duk wannan yana iya faruwa cikin daƙiƙu kaɗan, kuma a fatar yaron ba lallai a ga ko ƙwarzane ba. Shirun da yake yi bayan haka, wanda ake zaton barci ne, sau da yawa suma ce. Likitocin Amurka sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da aka kai asibiti da wannan rauni suna mutuwa, mafi yawan waɗanda suka rayu kuma suna tashi da nakasa: makanta, farfaɗiya, shanyewar jiki, ko rashin fahimta.

Su Turawan ma ba da daɗewa suka gane ba. A 1946 wani likitan hoton ƙashi a Amurka, John Caffey, ya rubuta labarin jarirai da aka samu da jini a kai tare da karayar ƙashi ba tare da an san dalili ba. Sai a 1971 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a garin Hull na Ingila, Norman Guthkelch, ya nuna cewa girgizawa na iya zama sanadi. Abin da ya ja hankalina shi ne lurar da ya yi cewa iyaye a yankinsu suna ganin girgiza yaro ya fi sauƙi a kan marinsa, don haka ba sa ɗaukar sa laifi. Ashe "ai ban dake shi ba" magana ce da ake yi a kowane harshe. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a faɗaɗa sunan matsalar ya haɗa da duk raunin kai da aka ji wa yaro da hannu, domin sau da yawa bayan girgizawa akan jefar da shi a katifa ko kansa ya bugu da wani abu.

To me ke kawo mutum ga wannan? Kuka. Kuma a nan ne na ci karo da abin da ya fi komai ba ni mamaki. Tun 1962 likita Berry Brazelton ya bi diddigin jarirai masu lafiya, ya gano cewa kuka yana da tsani: yana fara ƙaruwa daga mako na 2, ya kai ƙololuwa wajen mako na 6, inda yaro kan yi kusan awa uku yana kuka a yini, sannan ya riƙa raguwa zuwa wata na 3 ko na 4. Ya fi yawa da yamma zuwa dare, wani lokaci kuma babu lallashin da ke tsayar da shi. Wani zai ce ai wannan 'ya'yan Turawa ne da ake ajiyewa a gado su kaɗai. To a 1991 likita Ronald Barr da abokan aikinsa sun fitar da bincike a kan al'ummar Kung ta hamadar Kalahari a Botswana, mutanen da ba sa sauke jariri daga jiki kuma suna ba shi nono a kai a kai. Su ma kukan 'ya'yansu yana hawa ya sauka a wannan tsani, sai dai ba ya tsawaita kamar na waɗancan. Wato goyo yana rage kuka, amma ba ya kawar da shi. Abin da muke kira kukan cibiya, muke ɗura wa yaro jiƙe-jiƙe dominsa, galibi wani mataki ne na girma da zai wuce da kansa.

Yanzu ki lissafa da ni, 'yar uwa. Mako shida kwana 42 ne. Mu kuma yaushe ake gama wankan jego? Kwana 40. Wato a daidai lokacin da kukan jariri ya kai maƙura, a lokacin ne tsohuwar da ta zo zaman jego take ɗaure kayanta ta koma garinsu. A lokacin ne mai haihuwar fari da ta je wankan gida ake yi mata rakiya zuwa ɗakin mijinta. A lokacin ne ake cewa ta yi arba'in, ta karɓi girki, ta koma daka da ɗiban ruwa. Al'adarmu ta yi kyakkyawan tanadi ga mai jego, sai dai tana janye hannu a ranar da aka fi bukatar hannun. Yarinya 'yar shekara 17, ba ta yi barcin kirki ba tun da ta haihu, ga kunyar ɗan fari da ta hana ta buɗe baki ta ce ta gaji, ga uwar miji tana jefa habaici cewa nononta ne ba shi da kyau. Wannan fa ba muguwa ba ce, amma tana tsaye a bakin rami.

Maza kuma kada ku ɗauka zancen mata ne. Wani bincike da likita Suzanne Starling ta fitar a 1995 daga jihar Colorado ta Amurka ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka aikata maza ne, uba ne a kan gaba. Tsarin gidajenmu daban ne da nasu, a wurinmu maza ba su cika riƙon jariri ba, amma hannun namiji ya fi ƙarfi, kuma ko bai taɓa yaron ba bakinsa kan yi aikin. Magidancin da ya dawo daga gona ko daga kasuwa a gajiye, ƙarfe biyun dare ya daka tsawa ya ce "ki yi masa shiru ko ki fitar min da shi," ya sani cewa ya ɗora wa matarsa abin da ba ya hannunta. Haka duk babbar da ke yi wa 'yar raino barazanar bulala idan yaro ya yi kuka.

Amma ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan rubutu ya mai da shi sandar zargi. Akwai cututtuka da dama da ke kama da wannan. Sanƙarau yana kawo kumburin maɗiga da taune-taune. Zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai yana sumar da yaro. Wahalar naƙuda kan bar rauni. Sannan akwai ƙarancin bitamin K, wanda ke sa jini ya ɓalle a kan jariri tsakanin mako na 2 zuwa wajen na 12 ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Allura guda ake yi ranar haihuwa don kare wannan, mafi yawan matanmu na karkara kuwa a gida suke haihuwa, ba sa samun ta. Ko a ƙasashen da ke da kayan aiki ana taƙaddama a gaban kotu kan yadda za a tabbatar an girgiza yaro. Guthkelch kansa a ƙarshen rayuwarsa ya yi gargaɗi a kan ɗaure mutane bisa alamomin asibiti kaɗai, kuma a 2016 wata hukumar tantance binciken lafiya ta ƙasar Suwidin ta ce alamomin su kaɗai ba su isa hujja ba, ƙungiyoyin likitocin yara kuma suka mayar mata da martani mai zafi. Abin da babu mai jayayya a kansa shi ne girgiza jariri haɗari ne. Idan masana suna takatsantsan haka, ina ga ni da ke da muke zaune a tsakar gida muna nuna kishiya da yatsa?

Abin da ya dace mu riƙe kaɗan ne, kuma ba ya cin ko sisi. Idan jariri yana kuka, a duba yunwa, a duba jiƙa, a duba zafi ko sanyi, a duba ko tururuwa ko zare ya naɗe masa yatsa. A goya shi, a zaga da shi, a sa shi a ƙirji, a yi masa 'yar waƙa. Goyo da daka da rawa da yaro a cinya ba sa kawo wannan rauni, kada kowa ya tsorata. Cilla shi sama a cafe kuwa gara a bari, don hannu kan kuskure. Idan an yi komai bai yi shiru ba, kika ji ranki ya fara tafasa, hannunki ya fara ƙanƙame shi, to miƙa shi ga wani. Idan babu kowa, kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, nesa da wuta da ruwa da dabbobi, ki fita tsakar gida na minti biyar ko goma, ki sha ruwa, ki yi alwala kamar yadda aka koya mana a yi idan fushi ya taso, ki dawo ki duba shi. Kuka na 'yan mintuna ba ya kashe yaro mai lafiya. Kuma duk wanda za ki bar wa ɗanki, yarinya ce ko babba, ki faɗa masa da bakinki: "In ya dame ki, ajiye shi ki kira ni, ba zan yi miki faɗa ba."

Akwai kuma girgizawar da ake yi don ceto. Yaro ya shiɗe, ko ya fara taune-taune, uwa ta ruɗe ta hau jijjiga shi tana kiran sunansa. Wannan ƙari ne a kan ciwo. A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai, a nemi abin hawa, a tallafe kansa a kan babur. Jaririn da ya ƙi nono, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, ko jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta kumbura, ko numfashinsa ya canza, ko yake da zazzaɓi, asibiti ne wurinsa a wannan sa'ar, ba gobe ba. Idan kuma an san an girgiza shi, a daure a faɗa wa likita. Ita ce maganar da za ta sa a yi saurin tura shi inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a maimakon a ɓata kwanaki ana maganin zazzaɓi.

Shin faɗakarwa tana aiki? Daga ƙarshen 1998 wani likita, Mark Dias, ya sa asibitocin haihuwa na yammacin jihar New York suka riƙa yi wa iyaye, uwa da uba, gajeren bayani kafin a sallame su. Rahoton da ya fito a 2005 ya nuna raguwar kashi 47 cikin 100. Da aka gwada irinsa a wasu jihohin, kamar Pennsylvania da North Carolina, ba a ga irin wannan raguwa ba. Darasin da na ɗauka shi ne magana sau ɗaya ba ta isa, kuma sani ba ya wadatar da wanda ba shi da mataimaki. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi: gidan yawa, kakanni, maƙwabtan da katanga ɗaya ta raba mu. Muna da ranar suna da mata ke cika gida. Muna da ungozoma da ke shiga ɗakin da likita ba ya shiga. Muna da allurar rigakafi ta mako 6 da 10 da 14, wadda ta faɗo daidai kan watannin kuka. Jimla biyu daga bakin malamar asibiti a ranar za su yi nisa. Muna da makarantun Islamiyya na matan aure, da rediyon da ba a kashewa a ɗakunanmu. Jihar Kano ta samu dokar kare yara a 2023, abin a yaba ne, amma doka ba ta shiga ɗaki ƙarfe biyun dare. Wanda ke shiga shi ne gwaggon da ta ji kuka ta taso ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Kawo shi nan, ke je ki kwanta."

Don haka nake kira ga iyayenmu mata, idan hali ya yi, a ƙara wa mai jego kwanaki bayan arba'in, ko a riƙa leƙa ta da yamma har yaro ya cika wata huɗu. Marubutanmu kuma, ku da matan aure ke karanta ku a ɗaka fiye da yadda suke sauraron kowane likita, ku ba mu labarin da babu boka a cikinsa, labarin uwa ta gari da gajiya ta kai ta bango, ta ajiye ɗanta ta fita ta nemi taimako, kuma ba a kira ta malalaciya ba. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Na jariri ma haka ne, wani lokaci jawabin bai wuce "ina nan, ina girma, ku yi haƙuri da ni" ba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya sanyaya zukatan masu raino. Wassalam.